Yadda Na Ɗauko Irin Innarmu Daga Ƙasar Nijar

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai goyo ta rarrashi goyonta, mai tsefe kai ta dakata. Wannan ba gatana ba ce, da ƙafata na taka, da idona na gani. Damina ta zo ta wuce tun da na dawo, amma har yau ba ni da sakat. In na je suna a tambaye ni, in na je gaisuwa a tambaye ni: "Inna Kulu, yaya ƙasar Nijar? Wai da gaske ke kaɗai kinka tafi?" Na gaji da ba da shi guntu-guntu. Ni ban san baƙi ba, na boko ko na allo, shi ya sa na kira Malama Asabe ta zo da alƙalaminta. Yadda na faɗa, haka za ta sa.

Damina biyu a jere ruwa ya yi muna rowa a Unguwar Lalle. Ta farko ya ɗauke gero na bununi. Ta biyu munka yi shuka sau uku, sau uku rana na ƙone ta tun tana ganye biyu. Irin da ke rumbu duk ya ƙare cikin ƙasa. Wanda ke kasuwa kuwa geron kudu ne, na ci, mai son doguwar damina. Ka shuka shi nan, kara za ka girbe.

Da bazara ta matso sai ɗana na fari ya yanke shawara. Gidaje da dama sun haɗa kai za su ɗauki babbar mota daga tashar Isa ran Alhamis bayan azahar, su yi kudu da mata da yara. Ba cin rani ba, ƙaura. Ya ce har da mu. Gonar ubanshi, wadda na yi shekara talatin ina kai fura cikinta, a bar wa ƙaya.

Ku kun san al'adarmu, amma za ni faɗa don 'yan baya. Ɗan fari uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta zama hira da shi. Kakarshi ta yaye shi, ita ta raine shi. Ya haura arba'in ban taɓa buɗa baki da sunanshi ba, kamar yadda ban taɓa kama sunan ubanshi ba har Allah ya karɓi abinshi. In ina da magana, ɗiyarshi Rakiya nike aike, 'yar shekara tara mai baki kamar reza. Ran nan na ce, "Rakiya, ki ce wa babanki akwai iri wajen Hajo." Hajo ƙanwata ce, tana aure can gaba da Tsibiri. Innarmu ta sa mata gajeren gero cikin kayan aure, mai saurin nuna, wanda ruwa kaɗan ke isa.

Rakiya ta je ta dawo. "Ya ce shekara nawa rabonki da Hajo? Ya ce su ma fari bai bar su ba. Ya ce in akwai iri mun zauna. In Alhamis ta yi bai ji komi ba, ya san babu, ki yi zamanki wajen Hajo, in sun sami wuri shi aiko a ɗauke ki."

Na ce, "Ki ce mishi Litinin za ni."

Da ya ga ba ni fasawa, ya tafi kasuwar Sabon Birni ya dawo da waya biyu ƙanana, kowace ba ta kai sabulun wanki ba. Ba hoto, ba komi, sai maɓallai manya-manya da 'yar fitila a ka. Ɗaya tawa, ɗaya ta Rakiya, don ya san ba shi za ni kira ba. An gyara ta yadda in na danna maɓalli na biyu na riƙe, Rakiya za ta ɗauka. In na danna na ɗaya, shi. Rakiya ta ɗiga jan farce kan na biyu.

"Kaka, in sa miki a na ɗaya?"

"Bar shi. Ba ni da aiki da shi."

"Tsohuwa da waya! Kar dai ki dama ta cikin fura."

Na ɗinka mata 'yar jaka, na rataya a wuya kamar laya.

Litinin da sassafe amalanke ya kai ni Sabon Birni. Motar iyaka tsohuwar a-kori-kura ce, direbanta ana ce mishi Na-Tozai, dogon mutum mai yawan raha. Ya dube ni ya ce, "Inna, gaba za ki zauna, kar buhunan albasa su danne muna ke." Ba mu yi nisa ba sai wani kiɗa ya tashi cikin motar. Na ce a raina mutanen yanzu ba su da ta ido, kiɗa tun ba a karya ba. Ya ƙi tsayawa. Na ɗaure fuska ina hararar direba. Can ya ce, "Inna, ƙirjinki ne ke kuka."

Rakiya ce. "Kaka, kin isa?"

"Ke, ko gulbi ba mu haye ba."

"To akuyarki ta cinye bakin tabarmarki."

Kafin mu kai iyaka ta kira sau huɗu, kowane da labarin akuya. Hanya kuwa rairayi ne zalla. Sau biyu motar na kafewa maza su sauka su tura. Gefen hanya mushen shanu, wasu ko angulu ta gaji da su.

Da munka kusa iyaka na ce bari ni ma in gwada kira. Na danna jan farce. Wata mata ta ɗauka da Turanci. Na gaishe ta, na tambayi gida da yara, na ce ta ba ni Rakiya. Ta sake faɗin abin da ta faɗa. Na ce, "Baiwar Allah, ba a amsa gaisuwa a garinku?" Na-Tozai ya yi dariya har mota ta bar hanya. Ya ce, "Inna, wagga ba mutum ba ce. Duk sa'ad da kinka ji ta, to ba a samu ba."

Iyakar da ake ta faɗi, igiya ce tsakanin ganga biyu, da rumfar kara. Wani jandarma ya zo ya miƙo hannu. "Madam, katin shaida."

Na ce, "Ɗana, ba ni da shi."

Na-Tozai ya fara sosa ƙeya. Jandarman ya leƙo, ya ga zanen fuskata, sai ya ja baya ya tafa hannu. "A'a! Bagobira! Ashe baiwata ce ta gudo. Ina za ki ba da iznin ubangijinki ba?"

Daga Hausarshi na gane Bazabarme ne, tsakaninmu da su kuwa wasa ne tun kakanni. Na gyara mayafi na ce, "Yaushe bawa ya sami hula har shina tare uwargijiyarshi a hanya? Ɗaga igiyar nan kafin in sa a karɓe hular."

Rumfa duk ta ɗauki dariya. Ya ce, "Mi za ki yi ƙasarmu, tsohuwa?"

"Neman iri."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Babana ma sau biyu ya shuka bara." Da hannunshi ya sauke igiyar, ya karya rabin burodinshi ya ba ni, wani dogon abu kamar taɓarya.

Mun ɗan wuce kaɗan Na-Tozai ya nuna mini wani tudu mai aduwa ɗaya a kai. Ya ce, "Daga nan sabis ɗinmu na gida ya ƙare. Mai son magana da Nijeriya sai ya hau can." Na dubi tudun da kyau, na aje shi a raina.

A Tsibiri ya sauke ni wajen uwar ɗakinshi Hadiza, mai tuwo a bakin tasha, inda matan fatake ke kwana. Mutanen can fuska irin tamu, zane irin namu, sai an buɗa baki ka ji banbanci. Waya su ce salula, sabis su ce rezo, makaranta su ce lakwal. Burodinsu ba sukari, ga tauri, sai da na jiƙa shi kafin dasashina ya yarda. Shayi kuwa a ɗan kofi kamar na kwalli, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na yi godiya na miƙe, sai Hadiza ta riƙe mini zane. "Haba Inna, faɗa munka yi? Nan ba a tashi sai an sha na uku." Na koma na zauna. Na ukun ne mai daɗi, na ce ina ma da shi sunka fara.

Talata amalanken jaki ya kai ni ƙauyensu Hajo. Na bar ta da ƙiba, na tarar da ita kamar kara. Ta tsaya bakin danga tana dubana, ta ce, "Yaya Kulu, ke ce ko idona?" Munka rungume juna.

Abincin da ta kawo mini anza ce, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Ta aje ƙwaryar tana sunkuyar da kai. Na ce, "Hajo, ɗaga kanki, mu ma mun san ta." Na ci har na suɗe hannu. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta nuna mini wani ƙaramin rumbun ƙasa a bayan ɗaki, an liƙe bakinshi da laka. "Ga shi can. Amma mai gida ya tafi da sauran shanu rijiya mai nisa, kuma rumbun iri shi kaɗai ke buɗe shi. Ko leƙawa ban taɓa yi ba."

Na zauna jira. Talata ta wuce. Laraba rana ta fito ta hau. Na danna jan farce ya fi sau goma, ko matar nan mai Turanci ba ta tanka ba. Jikokin Hajo sunka gano fitilar wayar, na bar su suna haska tafin hannunsu suna dariya, don ban san abin na cin ƙarfinta ba, kuma yaran da ke cin anza ba a hana su dariya.

Sai da la'asar Mamman mijin Hajo ya shigo, ƙura har gira. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na faɗa mishi komi, har motar Alhamis. Ya daɗe shina zane ƙasa da tsinke.

"Yaya, wata biyu jikokina na cin anza, rumbun nan na kallonsu. Ban buɗe ba."

"Na sani."

"Amma irin nan ba a gidanmu na tashi na gan shi ba. Hajo ta zo da shi. Uwarku ɗaya."

Ya tashi ya ɗauki fartanya ya fasa lakar. Ciki duhu, na kunna 'yar fitilata na haska mishi. Ga zangarniya jere cikin toka, gajeru, cike tam, irin wadda na sani a hannun innarmu tun ban yi wayo ba. Ya fiddo duka ya baje a tabarma, ya raba biyu daidai, yana ɗaukar ɗaya nan ɗaya can, har ta ƙarshe ya karya ta tsakiya. Rabona ya cika buhu biyu.

Alhamis da anka sallame asuba na kama hanya. A Tsibiri ban sami Na-Tozai ba, sai wata motar, ba wanda na sani ciki. Muna tafe ina duban rana. Ta kusa tsaka sai wani ƙarfe ya karye ƙarƙashin motar, ta durƙusa. Direba ya hau babur ya koma neman gyara. Na ɗaga kai, ga tudun nan mai aduwa, tafiyar da ba ta kai zuwa gona ba. Na roƙi wata Buzuwa ta zauna mini kan buhunan, na ce ko mijinta ya ce ta tashi kar ta tashi. Na hau tudun ina hutawa ina hawa.

A sama mutane sun kai goma, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na danna jan farce. Matar Turanci. Na sake, ita ce. Na uku, ita ce. Sai wayar ta fara wani ɗan kuka. Wani falke da ke kusa ya leƙa ya ce, "Inna, cajinki ya zo ƙarshe. Kira ɗaya ya rage miki, in ya kai."

Na dubi maɓalli na ɗaya, fes, ko dattin yatsa babu a kanshi. Daga wani ƙauye can ƙasa na ji an fara kiran azahar. Na yi bisimilla na danna.

"Alo? Mai wayar ba shi nan, caji ya kawo. Nan tashar Isa ne." Bayan muryar ina jin rurin babbar mota da kukan yara.

"Ɗana, kira mini shi."

"Wa?"

"Baban Rakiya."

"Inna, waya ta fi talatin gabana, ban san mai kowace ba sai ya zo. Wane baban Rakiya?"

"Na Unguwar Lalle. Mai sunan malam."

"Yau rabin tasha mutanen Unguwar Lalle ne, kuma kowa mai sunan malam ne."

"To in ya zo ɗauka ka ce mishi…"

"Sai mota ta motsa suke rugowa su warce, wa ke tsayawa jin saƙo? Yanzu haka ake ɗaure kaya, in an ja igiya ba mai kwancewa sai kudu. Faɗi suna in ƙwala kira."

Na juya wa mutanen baya, na ja mayafi na rufe baki, na faɗi sunan a hankali.

"Ban ji ba, Inna! Ɗaga murya!"

Na yaye mayafin na faɗa da ƙarfi, yadda duk wanda ke kan tudun ya ji. Malama Asabe, daina dubana, ba za ni maimaita miki ba. Na ji mai cajin na ƙwala sunan cikin tasha, sau uku. Ya dawo.

"Mutum uku sun waigo. Ɗan wa?"

Wayar ta sake ɗan kukanta. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mai gidana, na zauna da shi talatin da biyu, ko a mafarki ban kira shi da suna ba. Na rufe ido na faɗa. Wata tsohuwa da ke gefena, wadda ta gane abin da ke faruwa, ta dafa mini kafaɗa.

Sai na ji gudu, na ji haki.

"Salamu alaikum. Wa ke nemana?"

"Ni ce."

Sai ya ce, "Inna?"

"Ka sauke kayanka. Iri na hannuna. Buhu biyu, zangarniya."

"Na Hajo?"

"Na innarmu."

Ya ce, "To," ko kuwa wani abu za shi faɗa da ya fara da haka, ban sani ba, don nan wayar ta mutu. Falken ya ce in ba shi lambar shi kira da tashi. Na ce lambar na cikin cikinta, ni ban san ta da ka ba.

Na sauko ban san ko ya sauke ko bai sauke ba. Buzuwa na nan zaune kan buhuna, rana na dukanta, ba ta motsa ba. Sai bayan la'asar anka gyara mota. A iyaka Bazabarmen nan ya taɓa buhu ya ce, "Baiwata ta samo?" Na ce na samo. Ya sara mini kamar yadda suke sara wa manyansu. Na kwana Sabon Birni gidan wata 'yar uwa.

Jumma'a da hantsi amalanke ya shiga da ni Unguwar Lalle. Gida na farko an toshe ƙofa da ƙaya. Na biyu haka. Na uku haka, ko kaza babu. Na daina dubawa, na sunkuyar da kai. Muna karya kwanar masallaci sai na ji daka, kuma na san muryar turmina.

Rakiya ta fito a guje. "Kaka! Kwana uku ina kiranki har wayata ta mutu! Ina kika jefa taki, cikin fura?"

Babanta yana zaure, kaya zube ko igiya ba a kwance ba. Ya taso ya sauke buhunan da kanshi, ya buɗe ɗaya, ya zaro zangarniya ya murza a tafin hannu, ya daɗe shina kallon tsabar. Na wuce ciki. Matarshi Balki ce ta ba ni labari: kayanmu na can ƙasan na kowa, an riga an ja igiya, ya hau motar ya kwance da hannunshi, direba na zagi, mutane na ce mishi ya haukace.

Munka sussuke, munka yi binne tun ƙasa na bushe. Ruwa ya yi jinkiri, kuma ya ɗauke da wuri kamar yadda ya saba. Amma geron ya riga shi. Ba mu cika rumbu ba, ba mu kuma ci anza ba.

Hajo da Mamman su ma sun girbe nasu, ta aiko mini da sabuwar gumba ta hannun Na-Tozai. Na-Tozai ya sayar da a-kori-kurar ya sayi wadda ta fi ta tsufa, har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar matar Turanci. Bazabarmen an ce an maishe shi wani wuri can yamma, Allah shi tsare shi inda yake. Mai cajin tashar Isa ban taɓa ganin fuskarshi ba, na aika mishi da tsaba mudu guda, an ce ya ce shi bai tuna abin da ya yi ba. Rakiya ta shiga aji huɗu, ita ke karanta wa matan unguwa lambobi. Baban Rakiya ya gina ƙaramin rumbun ƙasa bayan ɗakina, ya zuba toka, ya liƙe bakinshi da laka.

Motar Alhamis ɗin nan gida goma sha ɗaya ta kwasa daga unguwarmu. Bana huɗu sun dawo, sun janye ƙaya daga ƙofofinsu. Kafin su gyara jinka, ƙofarmu sunka fara zuwa, kowa da ƙwarya a hannu. Ba wanda ya koma da ita wofi.